Darasin Mako: Daga Hoton Fensir Zuwa Kasuwar Intanet

Darasinmu na wannan mako ya shafi wata talla da ta cika wayoyin gidajenmu, wadda ke cewa mutum zai iya haɗa haja cikin kwana biyu, ya ɗora ta a intanet, kuɗi su riƙa shigowa yana barci. Sau da yawa mai tallar yakan ƙare da cewa a biya shi kuɗin kwas ya koyar da sirrin. Kafin wani daga cikinmu ya je ya matsa wa mahaifinsa a kan kuɗin da aka tara na jarrabawa, ya kamata mu zauna mu duba maganar da idon basira. Shin ana iya yi da sauri? Ana iya yi. To mene ne ake iya yi da sauri, mene ne kuma ba ya yiwuwa sai da lokaci? Nan darasin yake.

Mece ce hajar dijital?

Hajar dijital ita ce duk abin sayarwa da ba a riƙe shi a hannu, sai dai a sauke shi a waya ko kwamfuta. Misalinta littafin da ake karantawa a waya, darasin da aka naɗa a murya ko bidiyo, zanen katin gayyatar biki, jadawalin lissafin kuɗin shago, da manhajar waya. Bambancinta da sauran haja guda ɗaya ne, amma babba. Mai ƙosai idan ta sayar da na ɗari biyu, dole ta sake zuba ƙullu a mai kafin ta sallami na biyu. Mai littafin waya kuwa sau ɗaya zai rubuta, ko mutum goma suka saya ko dubu, littafin na nan bai ragu ba. Wannan shi ne daɗinta, kuma shi ne haɗarinta, domin wanda ya saya ma yana iya tura wa mutum dubu kyauta. Za mu dawo kan wannan.

Labarin wanda ya yi a ƙarshen mako guda

A shekarar 2011, a ƙasar Amurka, akwai wani matashi mai suna Sahil Lavingia wanda bai kai shekara ashirin ba. Yana cikin ma'aikatan farko na kamfanin Pinterest. Wani dare ya zauna ya zana hoton fensir a kwamfuta, ya shafe sa'o'i yana gyara shi har ya yi kama da na gaske. Sai ya so ya sayar wa masu bibiyarsa a Twitter. A nan ya ci karo da matsala: babu hanya mai sauƙi da mutum ɗaya zai sayar da fayil ɗaya. Sai ya buɗe cikakken shago a intanet, da duk wahalar da ke tattare da haka.

Maimakon ya haƙura, sai ya yi amfani da ranakun ƙarshen makon ya gina ɗan ƙaramin shafi mai aiki guda tak. Ka ɗora fayil, ka sa farashi, a ba ka gajeren adireshi, ka tura wa mutane, duk wanda ya biya ya sauke. Ya sa masa suna Gumroad. Da ya sanar da shi ranar Litinin, kamar yadda shi da kansa ya ba da labari daga baya, mutum fiye da 52,000 ne suka leƙa shafin a ranar farko. Masu zuba jari suka ba shi dala miliyan 1.1, a shekarar 2012 kuma aka ƙara masa dala miliyan 7.

Masu tallar kwas a nan suke tsayar da irin wannan labari. Mu bari mu ƙarasa. Kamfanin bai girma da saurin da masu jari suke so ba. A shekarar 2015 dole ta sa ya sallami kashi 75 cikin ɗari na ma'aikatansa. Ya ci gaba da riƙe shafin da 'yan mutane kaɗan, har daga baya ya soma cin riba. A shekarar 2019 ya wallafa wani dogon rubutu yana bayanin yadda burinsa na gina kamfanin dala biliyan ɗaya ya ci tura. Gumroad na nan har yau, marubuta da masu zane da mawaƙa suna sayar da ayyukansu a kai.

Abin da muka tsinta a labarin

Na farko, kwana biyun nan suna zaune ne a kan shekaru. Sahil tun yana makarantar sakandare yake koyon zane da ƙera ƙananan manhajoji. Da ranar ta zo, hannunsa ya riga ya faɗa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Na biyu, ya yi sauri ne saboda ya ƙanƙanta aikin. Bai ce sai ya gina kasuwar da za ta ƙunshi komai ba. Matsala ɗaya ya gani, wadda shi kansa ta dame shi, ya magance ta.

Na uku, ya riga yana da mutanen da suka san aikinsa kuma suke sauraronsa. Haja komai kyanta, in babu wanda ya san mai ita, tamkar shago ne a tsakiyar daji.

Na huɗu, ranar buɗe shago ita ce mafi sauƙi. Wahalar tana cikin watanni da shekarun da ke biye.

A shekarar da aka buɗe Gumroad ne wani Ba'amurke mai suna Eric Ries ya fitar da littafinsa The Lean Startup, wanda ya yayata shawarar cewa a fara da mafi ƙanƙantar abin da zai yi wa mai saye amfani, a fitar da shi, a ji ta bakin mutane, sannan a gyara. Manufar saurin ke nan: ka gane da wuri ko ana son hajarka, kafin ka ɓata wata shida a kan abin da babu mai nema.

To mu nan gida fa?

Wannan kasuwa ta iso mu tun tuni. A Najeriya akwai Selar, wanda Douglas Kendyson ya kafa a shekarar 2016, yana aiki irin na Gumroad kuma ana biya da naira. Akwai Paystack, na Shola Akinlade da Ezra Olubi, wanda ya sauƙaƙa karɓar kuɗi ta intanet, har kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a shekarar 2020 a kan kuɗin da aka ruwaito sun haura dala miliyan 200. Mafi kusa da mu kuma su ne marubutan littattafan Hausa, galibinsu mata, waɗanda suke sakin shafukan farko kyauta a WhatsApp, in labari ya yi daɗi sai a ce mai son ci gaba ya biya a sa shi a rukunin masu biya. Yayyenmu da ƙannen iyayenmu da yawa sun san wannan ciniki. Dabarar tasu ita ce ta Eric Ries, ko da ba su taɓa jin sunansa ba: ɗanɗano tukuna, sannan ciniki.

Akwai kuma izina a labarin OkadaBooks, shafin sayar da littattafan waya da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013. Bayan shekara goma yana aiki, an rufe shi a ƙarshen 2023. Saboda haka duk wanda ya ɗora aikinsa a wani shafi, ya ajiye asalin fayil ɗinsa a hannunsa, domin shafi na iya rufewa.

Gwaji na kwana bakwai

Mu ƙaddara wata ɗaliba ce a aji biyar wadda ta iya daidaita lissafin sinadarai a darasin kemistiri, har ƙawayenta kan zo ta yi musu bayani da Hausa. Ga yadda za ta iya gwadawa a lokacin hutu.

Rana ta 1: Ta rubuta matsalar a jimla ɗaya, da kuma wanda ke fama da ita. Misali: 'yan aji huɗu da ke rikicewa wajen daidaita lissafin sinadarai. In jimla ɗaya ta kasa ɗaukar bayanin, aikin ya yi faɗi, a rage shi.

Rana ta 2: Ta tambayi mutum goma daga cikinsu inda suke kakarewa. Kada ta tambaye su ko za su saya, domin kunya za ta sa kowa ya ce eh. Ta tambaye su yadda suka yi da matsalar a zangon da ya wuce.

Rana ta 3 da ta 4: Ta rubuta shafi goma zuwa goma sha biyu, da misalan da ita ta ƙirƙira. Manhajoji irin su Google Docs da WPS Office suna aiki a waya kyauta, kuma suna mayar da rubutu ya zama PDF. Canva na taimakawa wajen zanen bango.

Rana ta 5: Ta kai wa malamin darasin ya duba. Wannan mataki ba a tsallake shi. Kuskure ɗaya a littafin karatu yana iya kayar da wanda ya saya a jarrabawa. Sannan ta ba mutum uku su karanta a wayoyinsu, a ga ko rubutun na fita sosai a ƙaramin allo, kuma fayil ɗin bai cika cin data ba.

Rana ta 6: Ta sa farashi, ta ware shafi biyu na ɗanɗano, ta rubuta bayanin gaskiya a kan abin da ke ciki.

Rana ta 7: Ta sanar, ta fara da mutum goman nan da ta tambaya.

Sai lissafi. Wannan misali ne kawai don mu koyi yadda ake auna ciniki. A ce farashin naira 500 ne, shafin da ta ɗora a kai kuma yana cire kashi 10 cikin ɗari. Abin da zai shigo hannunta a kowane ciniki naira 450 ke nan. In ta kashe naira 2,000 a data da cajin waya, sai mutum biyar sun saya kafin ta mayar da uwar kuɗi. Mutum ashirin za su ba ta naira 9,000, a cire 2,000, saura 7,000. Ba kuɗin sayen mota ba ne, amma kuɗi ne na gumi, kuma ta koyi abin da kwas ba zai koya mata ba. In kuma mutum biyu kacal suka saya, ta yi asarar mako ɗaya ne da wani ɓangare na kuɗin data da caji kawai, ta kuma samu amsa da wuri. Ta koma ta tambayi sauran takwas ɗin dalili.

Abubuwa huɗu da za mu kiyaye

Kayan wani. Ɗaukar hoton littafin makaranta, ko kwafe takardun tambayoyin WAEC da NECO, ko littafin wata marubuciya, a sayar ko a raba ba da izini ba, sata ce ko da ba a fasa ƙofa ba. Najeriya tana da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, kuma ta shafi ayyukan da ke intanet. Mu ma da muke tura littattafan kuɗi a rukunoni kyauta, mu tuna wata ce ta hana idonta barci ta rubuta. Ranar da muka zama masu haja za mu ji zafin abin.

Alƙawarin ƙarya. Kada a rubuta cewa duk wanda ya sayi littafin sai ya ci jarrabawa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a kasuwar da mai saye ba ya taɓa kaya kafin ya biya, amana ce jarin.

Sanin iyaye. Yawancinmu ba mu kai shekara 18 ba. Maganar asusun banki da rajista a shafukan ciniki sai da hannun uba, uwa ko wani babba a gida. Kada mu ba kowa lambar sirrin kati ko lambar da banki ke turowa a saƙo, kuma kada a tura haja saboda an ga hoton shaidar biya. A duba asusu a ga kuɗin sun shiga.

Karatu. Wannan aikin hutu ne. Hajar ɗalibar nan daga ajin kemistiri ta fito. Ranar da ta daina shiga aji, rijiyar ta ƙafe.

Ga malamanmu kuma muna da roƙo. Idan ɗalibi ya kawo muku 'yan shafukansa, a daure a duba masa ko na minti goma ne. Jan birin malami a wannan mataki ya fi kowace talla daraja.

Aikin gida

Kowa ya ɗauki takarda ya amsa tambayoyi uku. Wane abu ne mutane suka taɓa zuwa wurinka ko wurinki neman bayaninsa fiye da sau biyu? Su wane ne mutum goma da ke da wannan buƙata? Yaya za a faɗi matsalarsu a jimla ɗaya? Wanda ya samu amsa, ya ajiye takardar sai hutu. Wanda bai samu ba, kada ya damu, ya san dai inda zai fara: ya koyi abu ɗaya har ya iya shi sosai. A miƙa amsoshi ga kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida, za mu zaɓi waɗanda suka fi ma'ana mu liƙa a wannan allo a fitowa ta gaba.

Sai mun haɗu a darasi na gaba. Mu huta lafiya.