Kafin ka ɗaura jirgin nan a bayan mota

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini ka sayi jirgin faiba da inji, har mai walda ya ƙera maka amalanken da za ka riƙa jansa da mota daga Yelwa zuwa Wara ranar kasuwa. Allah ya sanya alheri. Ni kawunka na ci shekaru a kan sitiyari kafin idona ya fara gajiya, don haka bari in tsoma baki kan wani ɗan dunƙulen ƙarfe da ba ya cika tafin hannu, wato ƙwallon da ke bayan mota, wanda ƙoƙon amalanke ke kifewa a kansa.

Ka tashi a bakin ruwa, ka san yadda Sarkawa da Gungawa ke loda kwalekwale. Babu mai jibge buhunan albasa a baya ya bar goshin jirgi yana kallon sama. Ka kuma ga amalanken jaki in an yi masa kaya a gindi, sandunan kan ɗaga har dabbar ta rasa inda za ta kafa ƙafa. To, haka abin yake a kan kwalta, sai dai a can gudu ya fi yawa, kuskure kuma ba ya jira.

Abin da ake nema shi ne amalanke ya kwanta daidai, gaba da baya tsayi ɗaya daga ƙasa. In ƙwallon ya yi sama, wuyan amalanke zai ɗaga, nauyi ya zame baya, inda dama inji yake zaune da nauyinsa. Daga nan wutsiya ta fara kaɗawa. Ƙafar injin ma tana kusantar ƙasa, rami ɗaya ya isa ya karya maka farfela. In kuma ƙwallon ya yi ƙasa sosai, wuyan zai riƙa dukan ƙasa a kowane tudu da kwari, kuma idan amalanken mai gatari biyu ne, tayoyin gaba su kaɗai za su sha kaya, su yi zafi, su fashe. In dole sai an karkata, gara gaban ya ɗan sunkuya da kamar yatsa ɗaya ko biyu. Ɗagawa sama ce ba a yafewa.

Na koyi wannan da jikina. Wata shekara na jawo jirgin wani maigidana a hanyar Koko, wajen ƙasar Shanga. Mai waldan da ya dasa ƙwallon ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya, ya ce ya yi. Ni ma na ce ya yi. Muna cikin gangara wata babbar mota ta wuce mu, iskarta ta bugi jirgin, sai na ji bayan motata yana rawa kamar an kama shi ana jijjigawa. Abin da ya cece ni, bayan ikon Allah, ban taka birki da ƙarfi ba. Na ɗaga ƙafa daga totur, na riƙe sitiyari a miƙe har abin ya lafa. Da muka auna daga baya, ƙwallon ya ɗara inda ya kamata da kusan taƙi guda. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ranar nan ko kimar bai sani ba.

Ga yadda za ka yi. Nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri, kamar dandamalin gidan mai, kada ka auna a gangaren bakin ruwa. Ɗora jirgin a kan amalanke da duk abin da zai yi tafiya da shi: inji, jarkokin mai, anga, rigunan ruwa. Ɗaga wuyan da jak har ya daidaita. In babu ma'aunin magina, kwantar da gorar ruwa wadda ba ta cika ba a kan ƙarfen, kumfar iska za ta gaya maka gaskiya. Sai ka auna daga ƙasa zuwa leɓen ƙoƙon. Koma wajen mota, ka auna daga ƙasa zuwa ƙarfen da ƙwallon ke zaune a kai. Misali ƙoƙo ya ba ka santimita 45, mota ta ba ka 58, kamar yadda dogayen motoci irin Hilux kan yi. Kana bukatar mariƙin ƙwallo wanda ya sauko da santimita 13 ke nan. Ana sayar da masu saukowa da masu hawa, har da mai ramuka da ake matsarwa.

Amma kada ka tsaya nan, don a nan mutane ke faɗuwa. Mota wofi daban, mota da kaya daban. Ka zuba mutane biyar da buhunan shinkafa, ka kifa ƙoƙon, bayan motar zai zauna. Sai ka sake aunawa a haka. Ko a Turai, ƙa'idarsu ta tsayin ƙwallo, santimita 35 zuwa 42 daga ƙasa zuwa tsakiyarsa, da mota a lode suke nufi.

Nauyin da ke sauka a kan ƙwallon shi ma a duba shi. Ga amalanken jirgi, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na dukkan nauyin ake so. In jirgi da inji da amalanke sun kai kilo 800, wuyan ya danna da kilo 40 zuwa 80. Sikelin masu awon hatsi zai yi maka wannan aiki. In ka ga yaro ƙarami yana ɗaga wuyan da hannu ɗaya, matso da jirgin gaba.

Sai girman ƙwallon. Akwai na milimita 50 irin na Turai, akwai na inci 2 irin na Amurka wanda ya ɗan fi shi, akwai kuma ƙarami na inci 1 da 7/8. A kasuwar kayan gwanjo duk a tire ɗaya ake zuba su. Karanta lambar da aka buga a kan ƙwallon da wadda ke jikin ƙoƙon. Ƙoƙo babba a kan ƙwallo ƙarami zai yi kamar ya kama, sai an faɗa rami ya tsalle ya fita. Sarƙoƙi biyun nan kuma a gicciye su a ƙarƙashin wuya, don in ya kuɓuce su tallafe shi kafin ya soki kwalta.

Tun hatsarin jirgin da ya nufi Wara a watan Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, Allah ya jiƙansu, kowa ya dawo yana maganar lodi a kan ruwa, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA na ta kiran a sa rigar ruwa. Daidai ne. Sai dai jirginka yanzu yana da tafiya biyu, ta ruwa da ta tudu, ta tudun kuwa ba mai duba maka ita.

Ka kuma tuna halin tafkin nan. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwanmu ke cika ya ja baya kowace shekara. In ya ja, sai ka bi doguwar gangara mai laka kafin ka kai gaɓa, a nan ne mariƙin da ya sauko da yawa ke noma ƙasa. Shi ya sa na fi son mai ramukan, ko da ya fi tsada. In kun isa, bar tayoyin su huce kafin ka tura amalanken cikin ruwa, boris mai zafi yana zuƙar ruwa in an tsoma shi.

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ka biyo da motar da amalanken. Ina da tef a gida. Ka gaida mahaifiyarka.