Muhawara Kan Asalin Ɗan Adam Tana Sauya Ra'ayi Kuwa?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya ko muhawara tsakanin mabiya ra'ayin Darwin da masu cewa Allah ya halicci mutum kai tsaye tana sauya imanin wani.

To Malam, da wuya. A watan Fabrairun 2014, Bill Nye, mai shirin kimiyya a talabijin kuma mabiyin ra'ayin Darwin, ya kara da Ken Ham, mai cewa Allah ya halicci mutum kai tsaye, a jihar Kentucky ta Amurka, miliyoyi suka kalla ta intanet. Aka tambaye su me zai sa su sauya ra'ayi. Ham ya nuna babu, domin Baibul ya riga ya yanke magana. Nye ya ce a kawo hujja. Kowa ya tashi da abin da ya zo da shi. Ham ma ya ce muhawarar ta taimaka wajen tara kuɗin gina kwatankwacin jirgin Annabi Nuhu, wanda aka buɗe a 2016.

Sauyi yana zuwa, amma sannu a hankali. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna Amurkawa masu cewa an halicci mutum a siffarsa ta yanzu sun ragu daga kashi 44 cikin ɗari a 1982 zuwa 37 a 2024. Da fatan ka gamsu, Malam.