Ciwon Haƙori: Tsutsa Ce Ko Ruwa Ne?

Darasinmu na yau a kan haƙori yake.

Yaro yana da haƙoran nono 20. Babba yana da haƙora 32. In yaro ya kai shekara 6, turmi na farko na girma yakan fito can ƙurya, bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa suna zaton na nono ne, suna cewa ai zai yi famfara. Ba zai yi ba. In wannan ya lalace, wani ba ya fitowa a madadinsa.

Mutane suna cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Babu tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. Suna cin sukarin da ya maƙale a baki, su fid da wani ruwa mai tsami, shi ne ke huda haƙori. Mai shan shayi da sukari safe da yamma, da yaron da alawa ba ta barin bakinsa, su ne abin ya fi kamawa. Tun kogon yana ƙarami, likitan haƙori yana iya share shi ya cike. In an bari ya kai ga jijiya, aiki ya yi yawa, sau da yawa sai cirewa.

Kafin ka isa asibiti, kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri. Kanumfari ma yana rage zogi, amma ba ya warkarwa. Kada ka ɗiga fetur ko ruwan batir a kogon. Kada ka danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙonewa yake yi. In kunci ya kumbura, ga zazzaɓi, ka tafi likita ranar nan, kada ka kwana.

Akwai kuma lalacewar da ba ruwanta da sukari ko ƙazanta. Mutanen Tibiri sun san ta. Daga 1985 zuwa wajen 2000, garin ya sha ruwan famfo daga wata rijiya mai zurfi. Ruwan garau yake, ba wari. Ashe yana da sinadarin fuluwor da yawa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada ya wuce miligram 1,5 a lita ɗaya. Na Tibiri ya ninka haka fiye da sau 3. Yara dubbai suka kamu. Haƙoransu suka yi ja-ja kamar na mai cin goro, wasu ƙafafunsu suka karkace.

Ku lura da kyau. Fuluwor kaɗan, irin na cikin man goge baki, yana ƙarfafa haƙori. Yawansa a ruwan sha shi ne cuta, musamman ga yaron da bai kai shekara 8 ba, don lokacin ne haƙoransa ke ginuwa. Tafasa ruwa ba ya fid da shi. Tabon kuma asuwaki ba ya goge shi, ko da gawayi ko da toka. Don haka a bar yi wa yaro faɗa ana cewa ƙazami ne. In kuka ga yaran gari da yawa da irin tabon nan, ku faɗa wa ma'aikatan lafiya, ku nemi a auna ruwan rijiyar.

A goge baki sau 2 a rana, da safe da kuma kafin barci, da buroshi da man goge baki. In babu, asuwakin dogon yaro yana taimakawa. Yaro ƙarami a sa masa man kaɗan, kada ya wuce ƙwayar wake, a koya masa tofarwa.

Yau da la'asar, kowa ya kira yaransa wurin haske, ya ce su buɗe baki. Ku duba turmin nan na ƙurya. Gobe a wurin karatu kowa ya faɗi abin da ya gani.