Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke cin ribar alkamar Kanada?

Wani mai sauraronmu daga Haɗeja, manomin alkama, yana tambaya: shin gaskiya ne manoman Kanada na sayar da alkamarsu da farashi ɗaya?

To, Malam, a da haka abin yake a yammacin ƙasar. A 1935 aka kafa Hukumar Alkama ta Kanada, daga 1943 kuma ita kaɗai ke sayen alkamar yankin. Takan ba manomi kuɗin somin-taɓi, ta sayar a kasuwannin duniya, ta cire kuɗin ɗawainiya, sannan ta raba saura gwargwadon yawa da ingancin abin da kowa ya kawo. Wanda ya sayar da kaka bai yi asara ba. Amma wasu manoman sun koka cewa an hana su neman mai saye da kansu, kuma ranar 1 ga Agusta 2012 gwamnatin Stephen Harper ta soke damar da hukumar ke da ita ta sayen alkamar ita kaɗai.

A ganina, ƙaramin manomi ne ya ji jiki. Bayan gagarumin girbin 2013, jiragen ƙasa sun kasa kwashe hatsin, 'yan kasuwa suka karya farashi a bakin rumbu, alhali a tashar jiragen ruwa ta Vancouver alkama na tsada.