Darasin Kiwon Lafiya: Cizon Kyanwa

Ɗalibai da yawa sun karanta a fiƙihu cewa kyanwa dabba ce mai tsarki, ruwan da ta sha ba ya zama najasa. Haka ne. Amma hukuncin tsarki dabam, ƙwayoyin cutar da ke bakinta dabam, kuma su ne darasinmu na yau.

Fiƙar kyanwa siririya ce mai tsini kamar allura. Idan ta yi cizo, haƙorin yakan nutse ciki sosai, ya bar ɗan rami wanda bakinsa ke rufewa da wuri. Ƙwayoyin cuta sai su maƙale a can ciki inda ruwa ba ya kaiwa. Shi ya sa cizon kyanwa ya fi na kare saurin ruɓa, duk da cewa na kare ya fi ban tsoro a ido. Babbar mai laifin ita ce ƙwayar da likitoci ke kira Pasteurella multocida, wadda ke zaune a bakin yawancin kyanwoyi, har masu lafiya da ake kiwo a ɗaki. Tana da gaggawa: cikin awa 12 zuwa 24 wurin yakan yi ja, ya kumbura, ya riƙa zogi.

Cizo a hannu ya fi kowanne hatsari, domin jijiyoyi da gaɓoɓin yatsu suna dab da fata. Idan cutar ta shiga gaɓa ko ƙashi, magana kan kai ga tiyata, wani lokaci yatsa ya sandare har abada.

Da zarar abin ya faru, a wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu na minti 15 cur, a shafa aidin, a rufe da bandeji mai tsabta. Kada a zuba toka, ko barkono, ko dakakken ganye. Sannan a tafi asibiti a ranar, ko da jini bai fita ba. Galibi likita ba ya ɗinke irin wannan ciwo. Yakan rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, yawanci amoxicillin haɗe da clavulanate, na kwana 3 zuwa 5 don rigakafi, ko fiye idan wurin ya riga ya kamu. Sayen kafso a kemis da ka kuskure ne, don wasu sanannun magungunan ƙuraje, irin su flucloxacillin, ba sa cin wannan ƙwayar yadda ya kamata. Za a kuma tambayi yaushe aka yi allurar tetanus ta ƙarshe.

Sai batun haukan kare, wanda sunansa ke ruɗin mutane: kyanwa ma tana ɗaukarsa, kuma yana nan a Gana da maƙwabtanta. Idan kyanwar ta titi ce, ko ta yi cizo ba tare da an tsokane ta ba, a gaya wa likita don a fara alluran rigakafi nan take. Alamunsa in suka bayyana, da wuya ƙwarai a tsira.

Wanda ya ga mugunya, ko jan layi yana hawa dantse, ko kaluluwa a hammata, ko zazzaɓi, ya koma asibiti ko da yana kan shan magani. Mai ciwon sukari ko ciwon hanta, da tsofaffi, kada su jira ko ɗaya daga cikin alamun nan.