Mu Dasa Lalle a Gefen Lambu

'Yan'uwa manoma na Gwandu da Kalgo, furannin da mu kan sayo daga birni, kafin watan Maris sun ƙone. Lalle kuwa, in ya kama ƙasa, ya kan yi shekaru.

Sa'ad da damina ta zauna, wajen Yuli, mu yanko rassa masu ƙwari, tsawon taƙi guda, mu dasa kamu ɗaya tsakani. Ranin farko ne ya ke bukatar ban ruwa. Kada mu yi ƙyuya, gama a nan yawancin dashe ke mutuwa. In ya girma, ya tare wa albasa iska. Farin furensa mai ƙanshi, a yanka da sassafe domin ɗakin sujada ran Lahadi. Ganyen kuma a shanya a inuwa, mata su kai kasuwa.