Darasi na Goma Sha Huɗu: Mitsitsin Bututu a Cikin Yumɓu

Ɗalibai, kun taɓa tambayar kanku dalilin da ya sa ɗanyar tukunya take narkewa idan ruwan sama ya dake ta, amma gasasshiya takan shekara da ruwa a cikinta ba ta ko gezau? Amsar tana cikin ƙwayoyin yumɓu, waɗanda ido ba ya iya gani sai da na'urar ƙara girma mai ƙarfin gaske.

Akwai wani irin farin yumɓu da masana ke kira halosait. An bayyana shi a shekarar 1826, aka kuma raɗa masa suna don girmama wani masanin duwatsu ɗan ƙasar Beljiyam, Omalius d'Halloy. Ɗan'uwa ne ga kawolin, farar ƙasar nan da ake haƙowa a Ƙanƙara ta Jihar Katsina. Sinadaransu kusan ɗaya ne, sai dai siffa ta raba su. Ƙwayar kawolin shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, ta halosait kuwa yawanci nannaɗaɗɗiya ce kamar tabarma, da rami a tsakiya. Ƙanƙantar bututun ta kai a jera wajen dubu kafin su yi kaurin silin gashi ɗaya. Da nanomita ake auna su, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Ana ce musu bututun ma'adini, domin ba da kabon aka gina su ba.

Me ya nannaɗe su? Kowane falle yana da fuska biyu, ta silika da ta alumina. Ta silika ta ɗan fi faɗi, saboda haka fallen yakan tanƙwaru, silika a waje, alumina a ciki. A kawolin fallayen sun kama juna tamau, babu halin tanƙwara. A halosait kuwa ruwa ne ya ratsa tsakaninsu, ya sassauta riƙon, suka samu damar naɗewa.

Wannan ruwa na tsakani ba shi da wuyar fita. Zafin da bai kai na tafasar ruwa ba yana korar sa, kai har busasshiyar iska ma ta isa. Idan ya fita, kaurin kowane hawa yakan ragu daga nanomita 1 zuwa 0.7, wasu bututun kuma su tsage. Abin lura shi ne, ko an sake jiƙa yumɓun, ruwan ba ya komawa gurbinsa da kansa. Shi ya sa mai bincike yake adana abin da ya haƙo a jiƙe, cikin mazubi rufaffe; in ya yi sakaci, kafin ya isa ɗakin gwaji abin ya sauya.

Akwai kuma ruwa na biyu, wanda a ganina ya fi ban mamaki. Shi ba ɗigo ba ne, sinadaransa ne suke ɗaure a jikin fallen. Sai zafi ya kai wajen digiri 500 suke kwancewa, su haɗu su zama tururi, su tashi. Daga nan tsarin cikin fallen ya wargaje, yumɓu ya daina zama yumɓu. Wannan shi ne abin da maginiyar tukwane take yi sa'ad da ta cinna wa tukwanenta wuta, kuma shi ya sa tsingaro ba ya komawa laka. Duk da haka siffar bututun halosait tana nan har zuwa wajen digiri 900. Idan aka zarce 1,000, sai bango ya narke cikin bango, ramin ya toshe, sababbin ma'adinai su fara samuwa.

Ramin nan shi ne amfanin bututun. Masu bincike suna ɗura magani ko sinadarin hana tsatsa a ciki, domin ya riƙa fita sannu a hankali. Wanda ya wuce gona da iri wajen gashi, ya rasa mazubin.

Aiki

1. Wane bambanci ke tsakanin "bushe", "gasu" da "ƙone"? Ku sa kowace kalma cikin jimla.
2. Da kalmominku, ku bayyana iri biyu na ruwan da ke cikin halosait.
3. Ku tambayi mai ginin tukwane a garinku kwana nawa take shanya tukunya kafin ta gasa ta, ku rubuto amsarta da Hausa.